Kwamfutar da Za Ta Ɗauki Muryar Yaya

Injiniya yana da wata 'yar cuta, kuma in aka ritsa shi ba ya musu: bai iya sayen abu ba. Ba rowa ba ce. Marowaci ya san abin da yake so, kuɗin ne ba ya son su bar hannunsa. Shi kuwa kuɗin ma nauyi suke yi masa a aljihu, amma da an ajiye abu biyu a gabansa an ce ya zaɓa, sai ya ji ransa na son ganin na uku. Ya taɓa yin wata biyar yana neman butar shayi, har matarsa ta gaji ta sayo ɗaya a hanyarta ta dawowa daga makaranta, shi kuma ya yi kwana uku yana nuna mata aibin mariƙinta.

Sunan Injiniya ma ba makaranta ce ta ba shi ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce suna da ƙungiyar kiɗa, su biyar, suna wasa a otal-otal da wuraren liyafa. Shi ne mai fiyano, kuma shi kaɗai ya san wace igiya ke shiga wane rami. Ƙungiyar ta watse, sunan ya zauna. Yanzu takarda yake yankawa a wata maɗaba'a, tsaye gaban wuƙar inji daga safe zuwa yamma, furfura ta fara cin gefen kansa ba tare da ta nemi izini ba.

Abin da ya rage masa na wancan zamani waƙoƙi ne guda tara. Shi ya tsara kiɗansu, wan matarsa ya rera su, mutumin da duk gidan ke kira Yaya. A kaset ɗaya tak aka taɓa ɗaukar su, shi ma yoyon rufi ya gama da shi tun yaransa suna firamare. Daga nan Injiniya ya riƙa cewa wata rana zai sayi kwamfuta, ya sa mata manhajar haɗa kiɗa, ya zaunar da Yaya a ɗaki ya ɗauki waƙoƙin nan yadda ya kamata. Kuɗin ma sun taru. Shekara biyu yana ƙarin awoyi lokacin buga kalanda, ya haɗa dubu ɗari shida da arba'in a cikin ambulan, ya ɓoye a jakar fiyano. Wata goma sha ɗaya ke nan ambulan ɗin na kwance, shi kuma yana bincike.

Ran wata Lahadi da rana Yaya ya zo gidan. Babban mutum ne mai faɗin ƙirji, yanzu fenti yake sayarwa, kuma in ya zauna a kujera sai kujerar ta sanar. Ya ƙi ruwan sanyi, ya ce a ba shi mai ɗumi. Ƙanwarsa ta dube shi.

"Yaya, tun yaushe ka fara tsoron ruwan sanyi?"

"Tun da likita ya leƙa maƙogwarona, Auta. Wai akwai wani ɗan ƙari. Za su cire."

Ta ajiye kofin a hankali. Ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki fara. Ba abin mutuwa ba ne, ya ce. Magana zan yi, zan ci gaba da yi miki faɗa. Waƙa ce ya ce kada in sa rai. In ta dawo ta dawo."

"Yaushe ne?" in ji Injiniya.

"Ba Litinin ta gobe ba, ta uku bayanta. Kwana ashirin da biyu, na ƙirga a mota." Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi. "To Injiniya, kwamfutar nan da kake ta saye tun bara, ta iso kuwa, ko a ƙafa take tahowa?"

Injiniya ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ya ce ai kusan an gama, saura ɗan abu kaɗan ya tabbatar.

Bayan Yaya ya tafi, matar ta share teburin cin abinci, ta ɗauko jan biro. Malamar lissafi ce, shi ya sa yake kiranta Malama, kuma in ta riƙe jan biro ko mijinta ɗalibi ne.

"Kafin mu fara," ta ce, "me zai hana ku je situdiyo? Ku biya awa uku, a ɗauka, a gama."

"Situdiyon yanzu? Za su goge muryar nan su goge har ta koma ta ƙarfe. Ba su san inda Yaya yake jan numfashi ba. Ni na sani."

"To, mun ji. Karanto min."

Ya zaro guntun takarda daga aljihu, irin ragowar yanka da yake tarawa a wurin aiki.

"Kwamfuta, ɗari uku da hamsin. Akwatin sauti, casa'in."

"Mene ne shi kuma?"

"Shi ke karɓar murya daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta."

"Ita kwamfutar ba ta da hannu ne?"

"Malama."

"Tambaya na yi. Ci gaba."

"Makirufo, ɗari da ashirin. Manhaja, tamanin."

Ta ja layi, ta haɗa, ta zagaye amsar. "Ɗari shida da arba'in cif. Ko ɗalibina na gaba bai taɓa kawo min lissafi mai tsafta haka ba. Gobe ka je ka saya."

Maganar nan ce ta hana shi sukuni. Wata goma sha ɗaya yana jin daɗin cewa abu bai cika ba. Yanzu an ce ya cika. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya zauna, ya sake ɗaukar takardar ya duba bayanta kamar akwai abin da aka rubuta a can.

Layin masu kwamfuta wani dogon bene ne mai hawa uku, matakalarsa ƙunci, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Shaguna kamar akwatunan ashana, kowanne da lasifikarsa. Ranar Litinin bayan an tashi aiki ya zagaye hawa biyu, ya tambayi farashi a shago goma sha huɗu, bai zauna ba sai a na ƙarshen lungu, inda wata mata mai gilashi, sa'arsa a shekaru, take cire murfin bayan wata kwamfuta da ɗan sukudireba. Ba ta yi masa kirarin da sauran suka yi ba. Ta ce, "Yallaɓai, me za ka yi da ita?"

Ya yi mata bayani. Ya faɗi abin da ya koya a bidiyoyin da yake kallo lokacin hutun rana, ya ambaci ram sau huɗu don ta san ba baƙo ba ne.

"Aikin me kake yi?" ta tambaya.

"Yankan takarda."

"To ram shi ne faɗin teburinka. Ma'ajiya kuma sito ce. Layin kiɗa nawa za ka jera a lokaci ɗaya?"

"Murya. Fiyano. Ɗan ganga. Wataƙila goge."

"Huɗu. Ba ka buƙatar teburin taro."

Ta jera masa uku a kan kanta. Baƙa sabuwa mai ram takwas, da kuɗinta zai yi rara. Ruwan toka ta hannu mai sha shida, da ɗan ƙarce a murfi, ɗari uku da arba'in. Sai wata ƙatuwa mai talatin da biyu, ta masu wasan gem, fitilu na yawo a ƙarƙashin maɓallanta, ɗari huɗu da saba'in.

"Ta tsakiya ce taka," in ji ta, ta koma kan aikinta.

Shi ma ya san ita ce. Ya sani tun kafin ta rufe baki. Amma ya ce ta kunna masa su duka, ya sunkuya ya ɗora kunne a kan kowacce, domin makirufo mai kyau har numfashin fanka yana ɗauka. Baƙar tana ɗan huci. Ƙatuwar kamar mota na shirin hawa tudu. Ruwan tokar shiru, sai da ya duba fitila ya yarda a kunne take.

"Zan dawo," ya ce.

"Kowa haka yake cewa, Yallaɓai. Kai dai ka fi su kyan faɗa."

Ya dawo ranar Laraba, ya tambayi ƙarfin batir. Ya dawo ranar Asabar da tambaya a kan ƙarcen murfin: faɗuwa ta yi ko gogar jaka ce? A mako na biyu ya gano wani bidiyo inda wani mai gemu ya rantse cewa duk wanda ya sayi ƙasa da talatin da biyu zai yi kuka nan da shekara uku. Washegari ya ga wani marar gemu da ya ce mai gemun ɗan kasuwa ne. Ya cika aljihu da guntayen takarda. In ya ƙara wa kwamfuta, makirufo ya rame. In ya ciyar da makirufo, manhaja ta faɗi. Abinci yake ci yana motsa leɓe. A mota ya wuce tasharsa sau biyu.

A wurin aiki kuma ya jera katunan wani mai gyaran famfo guda ɗari biyar a ƙarƙashin wuƙa, yana raba ɗari huɗu da saba'in a kansa, ya sauke ta. Katunan suka fito da suna da hoton famfo, lambar waya kuwa tana cikin kwandon shara. Manaja ya ɗaga ɗaya sama ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, shekara sha shida kana nan. Wa kake so ya kira mutumin nan, aljanu?"

Aka ce zai sake su a lokacinsa, ba na kamfani ba.

Malama ta daina tambaya da baki. Kullum da safe sai ya tarar da jan biro ya rubuta lamba a jikin kalandar kicin: sha uku, sha biyu, sha ɗaya. Yaya kuwa ya kira sau ɗaya, muryarsa da ɗan yashi-yashi a ciki.

"Ina rera su a shago in ba kowa, kada in manta. Jiya wata ta shigo sayen farin fenti ta tsaya har na kai ƙarshe. Ba ta saya ba, amma ta tsaya."

"Wannan makon, Yaya. In Allah ya yarda."

"Allah ya daɗe da yarda, Injiniya."

Ranar da kalanda ta ce tara, ya sa ambulan ɗin a aljihun ciki, ya hau benen da niyyar gamawa. Mai gilashi ta fito da ruwan tokar ba tare da ya tambaya ba. Ya ce ta kunna ya ƙara saurara sau ɗaya, na bankwana da shakka. Kunnensa na kan kwamfutar wata mata ta shigo da jakar kyamara a kafaɗa, tana sauri.

"Kina da mai sha shida?"

"Ga ta nan ƙarƙashin kunnen Yallaɓai."

"Ya saya?"

Mai gilashi ta dube shi ta saman gilashin. "Yallaɓai, ka saya?"

Ambulan ɗin na dukan ƙirjinsa. Abin da ya kamata ya ce bai fi harafi biyu ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ita waccan babbar, in aka rage mata aiki, fankar tana yin shiru?"

Matar ta buɗe ruwan tokar ta rufe, ta tambayi caja, ta biya, ta sa a jaka. Duka bai kai lokacin shan kofin shayi ba. Injiniya ya bi bayanta da ido har ta ɓace a matakala, yana jin irin haushin da mutum ke ji in an auri wadda ya shekara yana gaisarwa.

"Wata za ta zo?" ya tambaya.

"Za ta zo. Ban san yaushe ba."

Ya jira kwana shida. Ba ta zo ba. Ya sake zagaye benen, ya ga masu sha shida guda biyu, ɗaya allonta na da ɗigo, ɗaya mai ita bai yarda a kunna ta daɗe ba. Ranar Jumma'a, kalanda na cewa uku, Malama ta same shi a ƙofar maɗaba'a da jakarta ta makaranta.

"Mu je."

"Ina?"

"In raka ka. Na ga kamar hanyar tana ɓace maka."

Ta hau benen a gabansa. Ta gaisa da mai gilashi kamar sun daɗe da sanin juna, da yake ciwonsu ɗaya. Saura baƙa da ƙatuwa. Ya buɗe baki, Malama ta ɗaga yatsa.

"Wacce ce ba za ta tsaya ana tsakiyar waƙa ba?"

"Duk biyun za su yi," in ji mai gilashi.

"Baƙar za ta cika nan da shekara uku," in ji Injiniya.

"Maigida, kwana uku gare mu."

Ya nuna ƙatuwar. Ko a nan bai iya barin talatin da biyu ta wuce shi ba. Malama ta zaro jan biro a tsaye, ta gyara lissafin a bayan rasit: kwamfuta ta ci ɗari huɗu da saba'in, akwati casa'in yana nan, makirufo ya sauko tamanin, manhaja ta koma ta kyauta. Mai gilashi ta sauke masa manhajar, ta naɗe caja mai nauyin bulo, ta riƙe jakar ba ta sake ba sai da ya dube ta.

"Ka haɗa komai yau ka gwada. Kada ka bar haɗi sai mai waƙa ya zauna."

Ya ce ai shi tun kafin a haifi rabin masu shagunan nan yake haɗa igiya.

Bai haɗa ba. Yammacin Jumma'a ya tafi a kan katunan mai famfo. Asabar ta tafi a neman makirufo na tamanin, wanda ya samu a shago na tara, bayan ya koma na biyu da na biyar. Safiyar Lahadi kuma ta tafi a gyaran ɗaki. Ya tayar da katifarsu ya jingina da taga, ya rataye barguna a bango da ƙusa, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, ya cire agogon bango ya kai kicin. Ɗakin ya yi duhu da zafi kamar cikin aljihu.

Yaya ya iso bayan azahar da riga mai guga, ya sa turare, kamar zai hau dandamali. Ƙarfe biyar maƙwabcinsa mai tasi zai zo ɗaukarsa, don an ce ya ci abinci da wuri ya huta, gobe da sassafe asibiti.

"Awa uku," in ji Injiniya. "Ko huɗu muka samu cikin tara, mun ci riba."

"Ɗaya ma ta isa, in ta fito da kyau."

Injiniya ya kashe fankar sama. Ya je ya zare firji. Sa'an nan ya miƙa hannu.

"Wayoyinku."

"Don me?" in ji Malama.

"Waya tana sa ƙara a layi. Ko ba a kira ba tana neman sabis, makirufo yana ji. A kashe."

Suka ba shi. Ya kashe uku, har da tasa, ya zuba su a aljihun tebur na falo ya rufe. Wannan ƙa'ida ce ta aiki, kuma ya ji daɗin kansa da ya tuna ta.

Da aka kunna ƙatuwar sai ta fara hawa tudunta. A cikin ɗakin da aka toshe, ƙarar fankar ta cika ko'ina. Yaya ya saurara da kai a karkace.

"Ita ma a ƙungiyar take?"

Ba yadda za a yi sai fitar da ita. Ya ɗora ta a kujera a baranda ta cikin gida, ya zura igiyar makirufo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ja ƙofar. Yaya da Malama a ciki, shi a waje a durƙushe gaban allo. Ya zaro tsohon abin kunnensa na sauraron sauti daga jakar fiyano, ya jona igiyarsa a akwatin, ya ɗora a kai.

"Yi magana, Yaya."

"Ɗaya, biyu. Ana jina?"

Ana jinsa. Amma a ƙarƙashin muryar akwai wani ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Injiniya ya danna jan maɓalli ya ɗauki gwajin, ya saurara. Ƙas-ƙas yana nan. Ya rage ƙarfin akwati. Ya ƙara. Ya canja rami. Ya buɗe wani shafi cike da lambobi da ya taɓa ganin mai gemu yana taɓawa, ya mai da ɗari biyu da hamsin da shida zuwa ɗari biyar da sha biyu.

"Sake, Yaya."

"Ɗaya, biyu. Ana jina?"

Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ta ce ya jira tana sabunta kanta, kada a kashe. Ya jira minti ashirin da biyar yana kallon wata 'yar da'ira tana zagaye, yana tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar kicin ya dawo. Agogon da ya kora kicin ya ce uku da rabi ta wuce. Malama ta buɗe ƙofa, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Maigida, muna dahuwa."

"Minti biyu."

"Minti biyun ɗazu ko wasu ne sababbi?"

Ta rufe. Ya sake ɗaukar gwaji, ya sake. Ya zare igiyar makirufo ya hura ramin, abin da ya san ba ya maganin komai. Huɗu da kwata.

Yana cikin shafin lambobin ne ya ji Malama a kunnensa, nesa kaɗan da makirufo, tana cewa, "Yaya, yi min ta jirgin safe. Wadda Inna take so." Yaya ya yi gyaran murya. Ba fiyano, ba ƙirge, ya shiga.

Injiniya ya san waƙar fiye da tafin hannunsa, a kan benci a tasha ya tsara ta yana ɗan shekara ashirin da shida. Muryar ta tsufa, ta yi ƙasa, yashin nan yana ciki, amma tana tafiya a kan kiɗan da babu shi kamar yana nan. Jan maɓallin yana gabansa, kibiyar da ke kan allon ma tana kusa da shi. Ya duba shi. Ya yi tunani irin na masu sana'a: in na ɗauka da wannan ƙarar, Yaya zai ce an gama, kuma shekara ashirin nan gaba ƙas-ƙas za a riƙa ji. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da gwiwar hannu.

"Yaya, ajiye murya. Kada ka ƙarar da ita. Saura kaɗan."

Yaya bai tsaya ba. Ya shiga baiti na biyu. Injiniya ya mai da lambar dubu da ashirin da huɗu, ya mai da ita baya. Ya cire caja, ya mayar. Baiti na uku, inda Yaya ke jan dogon numfashin nan kafin ya hau sama, ya ja, ya hau, ya kai. Injiniya ya miƙe tsaye don ya leƙa bayan akwatin, sai ƙas-ƙas ya ɗauke ɗif. Layin ƙarshe ya shigo kunnensa tas, har yana jin leɓɓan mutumin suna rabuwa. Ya tsaya a rabin miƙewa bai motsa ba har aka gama.

Ya tura ƙofa. Malama na zaune a kan katakon gado tana goge ido da gefen mayafi. Rigar Yaya ta manne a bayansa.

"An shirya," in ji Injiniya. "Na gano shi. Mu ɗauko ta daga farko."

Yaya ya sha ruwan ɗumi. Ya matso gaban makirufo, ya buɗe baki, kalma biyu suka fito, ta uku ta tsage. Ya yi tari mai tsawo, ya dafa bango, bargo ɗaya ya zame ya faɗo. Ya sake gwadawa. Iska ce kawai da ɗan sauti a gefenta.

"Kada ka danna," ya ce da ragowar muryar. "Ba na so a ajiye wannan."

"Mu huta minti goma."

"Mu huta."

Suka zauna su uku a cikin zafin. Ba wanda ya tuna a kunna fanka. Kafin minti goman su cika aka yi hon a waje, sau biyu gajeru. Yaya ya tashi, ya karɓi wayarsa, ya dafa kafaɗar Injiniya a bakin ƙofa, ya leƙa ƙatuwar da fitilunta ke ta yawo.

"Kyakkyawa ce kuwa," ya ce. "Ka iya zaɓe."

Aikin ya yi kyau. Bayan mako uku Yaya ya koma shagon fenti. Yana magana, a hankali, da wata murya kamar ana jan kujera a kan siminti, kuma ya ci gaba da yi wa ƙanwarsa faɗa kamar yadda ya yi alkawari. Waƙa ba ta dawo ba. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen tara ko ɗaya. Malama ta mayar da katifa da agogo, ramukan ƙusa suka zauna a bango.

Sai da aka yi wata guda Injiniya ya iya buɗe kwamfutar. Ran wata Asabar ce da hantsi, Malama ta tafi kasuwa. Bai ɗauko abin kunne ba, ya haɗa ta da lasifikar falo. Abin da ke cikinta gaba ɗaya sakan arba'in da ɗaya ne, gwaji bakwai, Yaya yana cewa ɗaya, biyu, ana jina. Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara sauti, ya sake saurara tun daga na farko. Duk bakwai ɗin tas suke. Ƙarar a igiyar abin kunnensa take.